Na'urar Hangen Nesa ta Farko: Shawara ga Mai Son Duban Taurari a Birnin Kano

Gabatarwa

A duk ranar 29 ga watan Sha'aban, da rana ta faɗi, mutanen cikin birnin Kano sukan yi cirko-cirko a ƙofar masallatai da bakin zauruka da duk wani ɗan tudu, kowa ya fuskanci yamma yana ƙura ido. Wannan shi ne duban sama da kowa ya sani. Da an ga wata, ko an ji sanarwa daga fadar Sarkin Musulmi, sai a sunkuyar da kai, ba a sake ɗagawa sai ƙarshen azumi. To, amma a cikin ɗalibai da ma'aikata akwai waɗanda sha'awarsu ba ta tsaya nan ba. Sun ga hotunan wata da na taurari a littattafai da wayoyin hannu, suna kuma so su gani da idonsu, tun da gani ya kori ji. Irin waɗannan su ne kan tsakuri albashi ko kuɗin guzuri su sayi na'urar hangen nesa, wadda wasu ke kira tabarau. Abin takaici, da yawa daga cikin na'urorin nan ba sa yin dare uku a waje. Mutum zai kafa, ya leƙa, ya ga dishi-dishi, ya yi tsaki, ya jefa ta bayan gado tare da tsofaffin takardu.

Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa ba lallai ne a yi wannan hasara ba. Abin da ke sa na'urar farko ta yi amfani shi ne faɗin bakinta, da ƙarfin ƙafafunta, da dacewarta da ƙurar Kano da irin ginin gidajen Kano. Lambar nan mai ƙyalli da ake bugawa a jikin kwali ba ta cikin lissafi.

Ido kafin gilashi

Ilmin sama ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Makiyayi da manomi sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Gamzaki da ke fitowa kafin asuba, sun san Zara wadda ake yi wa kirari da matar wata. Malaman soro kuwa sun gaji lissafin masaukan wata ashirin da takwas, kowane masauki kwana 13, ɗaya ne kaɗai mai kwana 14, abin da ya tashi kwana 365. Da sunayensu na Larabci, irin su Suraiya da Haƙa'a da Zira'a da Jabha, ake lissafin shuka da faɗuwar damina. Mervyn Hiskett ya rubuta maƙala a 1967 a kan yadda wannan lissafi ya shiga rubutattun waƙoƙin Hausa. Tun kafin nan, Malam Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi suna a ƙasar Masar wajen ilmin hisabi da na taurari. Haka kuma, lokacin da Kyaftin Clapperton ya bar Kano ya isa Sakkwato a watan Maris na 1824, ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello taswirar sama, sai ya tarar Sarkin ya san buruji goma sha biyu duka, ya kuma san taurari da dama da sunayensu na Larabci.

Ya kamata a rarrabe abu biyu tun da wuri, domin kalmar duba tana da harshen damo. Ilmin falaki shi ne sanin tafiyar rana da wata da taurari, wanda da shi ake gane alƙibla da lokutan salla da na noma. Duba irin na masu cewa tauraron wane ya hau na wance wani abu ne dabam. Na'urar hangen nesa ba ta da abin cewa a kan aure ko ƙarin girma a ofis.

Darasin da ke cikin tarihin nan shi ne, duk waɗannan bayin Allah da ido suka fara. Wanda bai iya nuna taurari goma da yatsa ba, in an ba shi na'ura ɓata zai yi, domin ita ɗan yanki ƙanƙane take nunawa, wanda bai fi faɗin ɗan yatsa ba idan an miƙe hannu. Saboda haka wata biyu ko uku na farko aikin ido ne da taswira. Bayan nan, abin da ya fi dacewa da mafi yawan masu farawa shi ne tabarau mai ido biyu, irin wanda ake gani a wuyan sojoji, mai lamba 7x50 ko 10x50. Lamba ta farko ninkin girma ce, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba a milimita. Ba ya bukatar kafawa, yana shiga jaka, kuma ko an sayi babbar na'ura daga baya ba a yin ritaya da shi.

Yadda na'urar take aiki

An fara ƙera na'urar hangen nesa a ƙasar Holan a 1608, amma nazarin haske da ya share mata hanya ya daɗe. Malam Hasan ɗan Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya tabbatar da cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ba ido ne ke aika haske ba. A kan wannan magana aikin na'urar duka ya rataya. Ita ba ta zuwa ko'ina, ba ta jawo komai. Tarar haske take yi, kamar yadda ake tarar ruwan indararo, kuma kowa ya san mai baho ya fi mai moɗa samu.

Baƙin ƙwayar idon saurayi, in ya buɗe iyakarsa a cikin duhu, bai wuce milimita 7 ba, na dattijo ma bai kai haka ba. Gilashi mai faɗin milimita 70 ya ninka wannan faɗi sau 10, hasken da yake tara kuwa ya ninka sau 100, domin fili ake lissafawa, ba tsawo ba. Wannan shi ne faɗin baki, kuma shi ne tambaya ta farko da mai saye zai yi.

Ninkin girma kuwa abu ne da ake canzawa yadda aka ga dama. Kowace na'ura tana da zangon haske, watau nisan da ke tsakanin gilashin gaba da wurin da hasken yake haɗuwa, kuma akan rubuta shi a jikin bututun. Ɗan gilashin da ake kara ido a kansa, wanda za a kira maleƙi a nan, shi ma yana da nasa zango. Sai a raba na farko da na biyu. Alal misali, na'ura mai zango 700 da maleƙi mai lamba 25 za ta ba da ninki 28. In aka sa maleƙi mai lamba 10, ninki ya zama 70. Amma akwai iyaka. Ƙa'idar da masu wannan sha'awa suka yarda da ita ita ce, ninki mai amfani ba ya wuce faɗin baki sau biyu. Mai milimita 70 ta tsaya a 140, mai 60 ta tsaya a 120. In aka zarce haka, abin da ake kallo zai ƙara girma, amma zai dushe ya cakuɗe, kamar hoton fasfo da aka buɗa ya cika bango.

Don haka, duk kwalin da aka ga an buga masa 525 ko 675 da jan rubutu, alhali bakin na'urar milimita 60 ne, to, mai ita ya riga ya faɗi ko shi wane ne. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Galileo, wanda ya gano watanni huɗu na Mushtari a watan Janairu na 1610, da ninki kamar 20 ya yi aikinsa, kuma kafar da haske ke shiga na'urarsa ba ta kai santimita 4 ba.

Mai gilashi ko mai madubi

Na'urorin masu farawa iri biyu ne. Akwai mai gilashi a gaba, a leƙa ta baya. Akwai kuma mai madubi, wadda Isaac Newton ya ƙera a 1668. Ita bakinta a buɗe yake, haske ya faɗa can ƙasan bututu a kan madubi mai ɗan zurfi kamar faranti, ya dawo, a leƙa ta gefe. A kuɗi ɗaya, mai madubi ta fi faɗin baki nesa ba kusa ba, shi ya sa littattafan Turai da Amurka suke yawan yabonta. Gaskiya ne kuwa, wadda take da madubi na milimita 130 ko 150 tana nuna abin da mai gilashi ta 70 ba za ta taɓa nunawa ba.

Sai dai marubutan nan ba su taɓa shan hunturun Kano ba. Buɗaɗɗen bututu rumbun ƙura ne. Daɗin daɗawa, madubanta biyu sukan goce in an yi jigila da ita a kan hanya mai gargada, kuma dole mai ita ya koyi daidaita su da kansa, tun da ba sana'a ce da za a samu a bakin titi ba. Mai gilashi kuwa a rufe take ruf, ba ta son gyara, ana ɗaukarta da hannu ɗaya. Saboda haka, ga ɗalibi mai zaman ɗaki ɗaya, ko ma'aikacin da yara suka cika masa gida, mai gilashi ta milimita 70 zuwa 90 ta fi dacewa. Wanda yake da haƙurin kwance inji da mayarwa, yana kuma da wurin ajiya mai rufi, shi ne ya cancanci mai madubi. Ƙasa da milimita 60 kuwa kayan wasan yara ne, ko da an shafa masa ruwan zinariya.

In kayan gwanjo ne, a haska tocila a cikin gilashin a duba. Ƙura tana fita, amma zane-zane masu kama da saƙar gizo-gizo fumfuna ce da ta ci gilashin, ita kuwa ba ta da magani mai sauƙi.

Ƙafafu da mazauni

A nan ne mafi yawan kuɗi yake salwanta. Na'urar da ta ninka girman wata sau 70 ta ninka rawar hannu da kaɗawar iska sau 70. In ƙafafun na sirarin gwangwani ne, da an taɓa sai watan ya shiga tsalle kamar fara a cikin kwalba. Gwajin yana da sauƙi: a kafa ta, a saita wani abu mai nisa, a ɗan ƙwanƙwasa bututun da yatsa. In hoton bai natsu ba kafin a ƙirga uku, a bar wa mai ita kayansa. Gilashi matsakaici a kan ƙafafu masu ƙarfi ya fi gilashi mai tsada a kan ƙafar sauro.

Mazauni shi ma iri biyu ne. Na farko yana juyawa sama da ƙasa, dama da hagu, kamar wuyan mutum. Na biyu an gina shi ne don ya bi juyawar duniya, yana da dunƙulen ƙarfe na daidaita nauyi, kuma sai an saita gindinsa da tauraron arewa kafin ya yi aiki. Ga ido, na biyun ya fi kama da kayan masana, shi ya sa yake jan masu saye. Amma Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka tauraron arewa digiri 12 kawai ya ɗaga daga ƙasa, watau dunƙulen hannu ɗaya da 'yan kai in an miƙe hannu. A cikin birni, katangar maƙwabci ta isa ta ɓoye shi, hazo ma haka. Bugu da ƙari, da yawa daga cikin ƙananan mazaunan nan an yi su ne don ƙasashen da tauraron yake digiri 40 ko 50, in aka kwantar da su zuwa 12 sai dunƙulen ƙarfen ya riƙa dukan ƙafa. Na farkon ya wadatar.

Wani Ba'amurke mai suna John Dobson ya fito da wani mazauni na katako zalla, akwati ne mai juyawa a kan faifai, ana ɗora bututun mai madubi a kansa kamar igwa. Ba shi da abin da zai lalace. Duk kafintan da ya iya haɗa kabad zai iya yin sa in an nuna masa zane, kamar yadda mai walda zai iya yin ƙafafun da suka fi na cikin kwali ƙarfi.

Kayan haɗi

Ba su da yawa. Maleƙi biyu sun isa shekara guda, mai lamba 25 don nema da kallon fili, mai lamba 10 don wata da taurari masu tafiya. Kullum da mai babbar lamba ake farawa. Sai ɗan jagora, watau 'yar ƙaramar na'urar da ke goye a bayan babbar. Da rana ake daidaita shi, a saita kan hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen kamfanin waya a babbar, sannan a murɗa kusoshin ƙaramin har su biyun su nuna abu ɗaya. Wanda ya tsallake wannan zai kwana yana lalube. Mai gilashi tana bukatar gwiwa, wani lanƙwasasshen bututu mai madubi a ciki. A Kano gwiwa dole ce, domin wata da taurari masu tafiya sukan bi ta tsakar ka, in babu ita sai mutum ya kwanta rigingine a ƙarƙashin na'urar.

Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, amma farin haske na daƙiƙa ɗaya yana rusa wannan. A rufe bakin tocila da jar leda, domin jan haske bai cika ɓata sabon ido ba. Akwai taswirar sama ta kyauta da ake sa wa a waya ko kwamfuta, kamar Stellarium, wadda ke nuna samaniyar Kano a kowace sa'a, sai dai a rage hasken fuskar wayar. A ƙara da kujera 'yar tsugunno, da littafin rubuta abin da aka gani da kwanan wata, da maganin sauro. Koren hasken lesa da wasu ke nuna taurari da shi gara a bar shi, filin jirgin saman Malam Aminu Kano ba shi da nisa da ganuwa, kuma hasken yana iya dallare idon matuƙi.

In an leƙa an ga abu a kife, ko dama ta koma hagu, ba lalacewa ba ce, haka gilashi yake aiki. In kuma tauraro ya riƙa sulalewa yana fita daga maleƙi, ba ƙafafu ne suka motsa ba. Duniya ce take juyawa, digiri 15 a kowace sa'a, har wata yakan gusa da faɗin kansa cikin minti biyu.

Hazo, zafi da damina

Mai duban taurari a Kano yana da kakarsa kamar manomi. Daga Yuni zuwa Satumba gizagizai ne, amma daren da aka yi ruwa da yamma aka ɗauke, sama takan wanku tas, ba ta da na biyu a shekara. Oktoba da farkon Nuwamba su ne lokacin girbi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in hazo ya sauka, ƙananan taurari sukan ɓace, wani lokaci har manyan. Duk da haka siririn hazo ba ya hana kallon wata da Mushtari, sau da yawa ma iskar irin wannan dare ta fi natsuwa.

Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi. Wanda ya goge gilashi da bakin riga ko hular kansa ya kankare shafen da aka yi masa, kuma ba ya dawowa. Hurewa ake yi da ɗan famfon roba irin na masu gyaran agogo, a rufe bakin da zarar an gama, a sa a jaka. Tela zai ɗinka ta a wuni ɗaya. 'Yar ƙura kaɗan ba ta rage gani, yawan goga shi ke kashe gilashi. Da damina a ajiye a wuri busasshe, da bazara kuma kada a bar ta a bayan mota.

Zafi ma yana da nasa sharri. Kwanon rufi da dakalin siminti suna sakin zafin da suka sha har tsakar dare, iskar da ke tashi daga kansu tana sa hoto ya riƙa ɓalɓal kamar ana kallo ta saman murhu. A fitar da na'urar rabin sa'a kafin a fara, a kuma guji leƙe ta saman rufin kwano na kusa. Fitilun birni kuwa sun ci rabin taurarin da kakanni suka sani. Mai wannan sha'awa yana cikin 'yan tsirarun mutanen da ke murna in an ɗauke wuta, kafin injuna su tashi. Wanda yake son ganin sama yadda take sai ya haɗa ayari zuwa karkara, kamar wajen Tiga, da sanin mutanen wurin.

Kan soro da haƙƙin maƙwabci

Wannan batu babu shi a littattafan waje, amma a cikin birni shi ne kan gaba. Tsakar gidan Bakano ba ta da rufi. Nan mata suke girki da wanka da shan iska, nan ake kwana da bazara. Lungunan Dala da Yakasai da Madabo a matse suke, tsakar gida ba ta nuna sama sai kamar faɗin tabarma, don haka zuciya za ta raya wa mutum ya hau kan soro. To, mutumin da ya hau soro da dare riƙe da abin hangen nesa, babu rantsuwar da zai yi maƙwabta su yarda Zahalu yake nema. Ko magini ba ya hawa sai an sanar da gidajen kewaye, balle shi. Abin da ya fi shi ne a bar soro, a nemi fili: filin makaranta da izinin shugabanta, ko filin idi, ko gindin Dala da Goron Dutse tare da jama'a. In kuwa hawan ya zama dole, a gaya wa masu gidajen tun da rana, a kira su su leƙa da kansu. Dattijon da ya ga duwatsun wata sau ɗaya ya zama mai kare na'urar. Soron ƙasa kuma a shimfiɗa masa katako, domin tsinin ƙafafun yana huda daɓe, a gane kuskure ran da ruwan farko ya sauka.

Har ila yau, dogon bututu a kafaɗa da tsakar dare yana kama da wani abu dabam a idon 'yan sintiri. Sanar da mai unguwa bai rage wa kowa daraja ba.

Rana

Ba a kallon rana da na'urar hangen nesa ko tabarau mai ido biyu, ko da na ƙiftawar ido. Gilashin da yara ke ƙona takarda da shi bai kai wannan tara zafi ba, kuma bayan ido ba ya jin zafi, sai ɓarna ta gama aukuwa mutum zai sani. Wasu na'urori masu araha sukan zo da wani baƙin gilashi da ake ɗaurawa a maleƙi wai don rana. A jefar da shi, zafi yana fasa shi ba sallama. Tabaron rana da gilashi mai baƙin hayaƙi duk ba su tsare komai. Abin da ke tsarewa shi ne mataci na musamman da ake rufe bakin na'urar da shi gaba ɗaya. Jarabar takan zo ne ranar husufi. A 29 ga Maris 2006 duhu ya rufe Gusau da Katsina da safe, a Kano ma saura ƙiris rana ta rufe. A 2 ga Agusta 2027 cikakken husufi zai ratsa Masar da Jidda da Makka, a Kano kuma wani sashe na rana zai rufu. A irin wannan rana, na'ura ba ta zama a tsakar gida ba mai tsaro.

Abin da za a gani

Kada a sa rai da launukan hotunan Hubble ko James Webb. Waɗancan injuna ne da ke sama da iskar duniya, suna tara haske na sa'o'i. Abin da ido zai gani ƙarami ne, mafi yawa fari-fari, amma shi ne ainihin hasken abin, ba hotonsa ba.

Da wata ake farawa, kuma ba daren sha huɗu ba, lokacin da haske ya shafe komai. Daren bakwai ko takwas ya fi, a bi iyakar da ke tsakanin haske da duhu, inda inuwa ke fito da duwatsu da ramuka. Nisansa kilomita 384,000 ne, amma mai milimita 70 tana nuna ramuka ɗaruruwa. Kusa da tsakiyarsa akwai wanda aka sa wa sunan Albattani, masanin falaki, faɗinsa kimanin kilomita 130, kusan tsakanin Kano da Zariya. Kusa da shi akwai na Azzarƙali, mutumin Andalus.

Mushtari yana fitowa da ɗigo huɗu a jere, gobe a tarar sun sake wuri. Zoben Zahalu yana bayyana daga ninki 40 zuwa 50. A watan Maris na 2025 ya juyo gefensa har ya kusa ɓacewa, daga nan kuma yake ta buɗewa zuwa wajen 2032. Zara da Gamzaki kuwa abu ɗaya ne, shi ne Zuhura, in yana bin rana da yamma a kira shi da wancan suna, in ya riga ta da asuba a kira shi da wannan. A cikin na'ura yakan zama rabi, yakan zama lauje, kamar wata. 'Ya'yan Kaza, waɗanda ido ke ƙirga shida ko bakwai, sukan zama gommai, kuma hasken da ake gani ya baro su ne kimanin shekara 440 da suka wuce, lokacin zuriyar Muhammadu Rumfa na kan gadon sarautar Kano. Da kaka, a arewa, akwai wani ɗan farin tabo da Malam Abdurrahman Assufi ya siffanta da ƙaramin girgije a 964. Tarin taurari ne mai zaman kansa, haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya.

Zaman Kano a digiri 12, wanda ya wahalar da mazauni, a nan ya zama riba. Suhailu yana ɗagawa digiri 25 a kudu da daren Fabrairu. Taurarin Gicciyen Kudu, waɗanda ba a gani a Turai sam, suna bayyana a Afrilu da Mayu. Tsakiyar farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama, kusa da wutsiyar Aƙrabu, tana kai digiri 49 a Kano, alhali a Landan ba ta wuce 10 ba.

Jinjirin wata

Sau da yawa tambayar farko da za a yi wa mai sabuwar na'ura a unguwa ita ce ko za ta nuna watan azumi. Tana taimakawa, amma tabarau mai ido biyu ya fi ta sauƙi a nan, saboda faɗin filinsa. Sai rana ta gama faɗuwa sarai ake ɗaga shi, a share sama a hankali daga inda ta faɗi zuwa dunƙule ɗaya ko biyu sama. Akwai iyakar da gilashi ba ya tsallakewa: in tazarar wata da rana ba ta kai kimanin digiri 7 ba, laujen bai samu hasken da ido zai kama ba, komai girman na'ura. Watan da bai yi sa'a 15 da haihuwa ba kuwa, da wuya ƙwarai ido zalla ya gan shi. Sanin wannan yana hana mutum ɗaukar Zuhura, ko wutsiyar hayaƙin jirgi, ko siririn girgije a matsayin wata. Hukuncin ganin da aka yi da gilashi kuwa na malamai ne, sanarwa kuma ta Sarkin Musulmi ce da kwamitin duban wata na ƙasa. Abin da ke kan mai na'ura shi ne ya rubuta sa'a da minti, da tsayin watan daga ƙasa, da gefen da ƙahonninsa suka fuskanta, ya kai wa mai unguwa ko hakimi.